Kuka, Fushi, Tsoro da Farin Ciki a Rayuwar Mai Bi: Tambayoyi da Amsoshi daga Sakkwato

Waɗannan tambayoyi na tattara su ne daga bakin 'yan'uwa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da nake jagoranta ranar Laraba da yamma a nan Sakkwato. Wasu kuma a gindin dogon yaro aka yi mini su bayan an tashi sujada, lokacin da mutum ya waiwaya ya ga ba mai jin sa. Ikkilisiyarmu ta tara mutane iri-iri: akwai na ƙasar Zuru, akwai na kudancin Kaduna da Filato, akwai Hausawa daga ƙauyukan Katsina, ga ɗaliban jami'a da ma'aikatan asibiti. Hausa ce ke haɗa mu. Na lura cewa ko daga ina mutum ya fito, in ya daɗe a garin nan yakan koyi haɗiye abin da ke ransa, har ya kai ga ɓoye wa Allah ma.

Abin da nake ji a zuciya yana da wani matsayi a bangaskiya kuwa, ko bangaskiya aikin tunani ce kawai?

Yana da matsayi, babba ma. Ka bi Yesu cikin Bisharu huɗu kana duban fuskarsa. A kabarin Li'azaru ya yi hawaye (Yahaya 11:35), alhali ya san nan da ɗan lokaci zai tashe shi. Da ya hangi Urushalima ya yi mata kuka. Ranar Asabar a majami'a, da mutane suka gwammace a bar mai shanyayyen hannu da ciwonsa, ya dube su da fushi, yana baƙin ciki saboda taurin zuciyarsu (Markus 3:5). Da almajiran da ya aika suka dawo, ya cika da farin ciki ta wurin Ruhu Mai Tsarki. A Gatsemani kuwa ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa na shan wahala kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Mun gaskata cewa Yesu bai taɓa yin zunubi ba. In haka ne, hawaye da fushi da ɗimuwa ba zunubi ba ne a karan kansu.

Wannan ba sabuwar koyarwa ba ce. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, ya yi jayayya da masu cewa mai hikima shi ne wanda ba abin da ke motsa shi. Ya ce a wurin mai bi ba a tsayawa kan ko ya yi fushi ko baƙin ciki, ana tambaya ne me ya sa shi. Wanda ya yi fushi don an zalunci marainiya da wanda ya yi fushi don ba a gaishe shi a taro ba, zafin da suka ji a ƙirji iri ɗaya ne, amma abin da kowannensu yake ƙauna ya fito fili. 'Yan'uwanmu Katolika ma haka katekisim ɗinsu ya koyar: motsin rai shi kaɗai bai zama alheri ko mugunta ba, sai an ga inda mutum ya kai shi.

An ce namiji ba ya kuka, kuma mai bin da ya yi kuka a makoki bai dangana ba. Haka ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ci mini rai.

A Sakkwato tarbiyyar Hausa da ta Fulani sun haɗu, dukansu kuwa suna girmama mai ɓoye zafi. Saurayin da ake tsula wa bulala a wurin sharo murmushi yake yi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ko ciwo yake yi takan kawar da kai a gaban mutane kamar ba nata ba. A zaman makoki a ce maka "ya haƙuri?", ka ce "mun gode Allah", ko da cikinka na ƙuna. Ba na raina wannan tarbiyya. Ta koya mana kamun kai da kawaici, ta hana mu zubar da mutunci a gaban kowa. Sai dai al'ada ce, kuma mun ɗauke ta mun sa mata rigar bangaskiya, har muna auna ruhaniyar mutum da bushewar idonsa.

Wani dattijo a cikinmu ya rasa ɗansa a hatsarin mota. Kwana uku yana zaune a kan tabarma yana karɓar gaisuwa, Kirista da Musulmi suna ta zuwa, kowa na yaba danganarsa. Bayan wata huɗu ya same ni, ya ce, "Ɗana, tun ranar da aka sa shi a rami ban yi kuka ba, kuma tun ranar ban iya addu'a ba." Na ce, "Baba, bari in karanta maka wani abu." Na buɗe 2 Sama'ila 18:33, inda sarki Dawuda, jarumin da ya kashe Goliyat, ya hau bene yana kuka yana kiran sunan ɗansa Absalom, yana cewa da ma shi ne ya mutu a madadinsa. Ban kai ƙarshen ayar ba Baba ya rufe fuska da hularsa. Mun fi rabin awa ba wanda ya ce uffan. A ranar ya yi addu'arsa ta farko, kuma ba ta wuce jimla biyu ba.

Littafi Mai Tsarki cike yake da mazan da suka yi kuka. Yusufu ya yi kuka da ƙarfi har Masarawa suka ji. Isra'ilawa sun yi wa Musa makoki kwana 30. Da aka jajjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka yi masa makoki mai zafi (Ayyukan Manzanni 8:2). Dattawan ikkilisiyar Afisa sun rungume Bulus suna kuka da suka ji ba za su ƙara ganin fuskarsa ba. Ayar da ake yawan jawowa don a hana mutane kuka, wato 1 Tasalonikawa 4:13, ba ta ce kada a yi baƙin ciki ba. Cewa ta yi kada a yi shi irin na marasa bege. Bege da hawaye suna iya zama a fuska ɗaya.

Agustin ɗin nan ma ya faɗa wannan tarko. Da uwarsa Monika ta rasu a Ostiya ta ƙasar Italiya a 387, ya danne hawayensa, har aka tsawata wa ɗansa da ya fashe da kuka. An binne ta idonsa a bushe. Sai daga baya, yana shi kaɗai a kan shimfiɗa, ya saki hawayen a gaban Allah, a nan zuciyarsa ta sami sauƙi.

To mene ne haƙuri, in ba haɗiye kuka ba?

In aka ce haƙuri, Musulmi da Kirista duk Ayuba suke tunawa. Amma ka karanta littafinsa har ƙarshe, kada ka tsaya a sura ta 2. A sura ta 3 ya la'anci ranar da aka haife shi. Ya yi ta kai ƙara, yana neman Allah ya fito ya ba shi amsa. Abokansa suka yi ta kwaɓarsa da maganganu masu kama da wa'azi. A ƙarshe Allah ya ce abokan ne ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi (Ayuba 42:7). Haƙurin Ayuba shi ne bai saki Allah ba. Kukansa duka wurin Allah ya kai shi.

Zabura guda 150 ce, kusan kashi ɗaya cikin uku kuwa kuka ne da ƙorafi. Ta 13 ta fara da tambayar har yaushe Allah zai manta da mai addu'ar. Ta 88 a cikin duhu ta ƙare, ba wata kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, kuma an bar ta a haka cikin littafin sujadar jama'ar Allah. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, iyayenmu suke karanta waɗannan kuke-kuke da harshen nan. Duk da haka ka duba sujadarmu ta Lahadi: waƙoƙin nasara ne daga farko har ƙarshe. Gwauruwar da ta binne mijinta ranar Alhamis ba ta samun ko baiti ɗaya da zai faɗi abin da ke ranta. A ganina wannan rashi ne, kuma shugabannin mawaƙa da fastoci su ne za su iya gyara shi.

Na daɗe ina addu'a ba na jin komai. Da can nakan ji daɗin sujada har in yi hawaye, yanzu zuciyata kamar dutse. Allah ya bar ni ne?

Bai bar ki ba, 'yar'uwa. Damuwar da kike yi a kan wannan ita kanta alama ce ta rai, don wanda ya juya wa Allah baya ba ya kwana yana kewarsa.

Ki je bakin kogin Rima a watan Afrilu. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito, wanda bai sani ba sai ya ce kogin ya mutu. Amma manoman fadama suna nan suna jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, albasa da tattasai suna ta fitowa. Rayuwar addu'a ma tana da damina da rani. Alkawarin Allah yana kan abin da Almasihu ya yi a gicciye, wannan kuwa ba ya raguwa ranar da zuciya ta bushe. Yahaya ya rubuta cewa in zuciyarmu ta hukunta mu, Allah ya fi zuciyarmu girma, ya kuma san kome (1 Yahaya 3:20).

Manyan bayin Allah sun bi ta nan. Ana yawan ba da labarin John Wesley, mai wa'azin nan na Ingila, wanda a daren 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate na Landan, ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi, ya tabbata an gafarta masa zunubansa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a wannan daren ma shakka ta zo masa, wai in wannan bangaskiya ce ina farin cikin? Sai ya gane cewa irin wannan ɗoki Allah yakan bayar wani lokaci, wani lokaci kuma ya riƙe. Uwa Teresa ta Kalkata ta rasu a 1997. Da aka buga wasiƙunta a 2007, duniya ta ga cewa ta shafe shekaru masu yawa ba ta jin kusancin Allah ko kaɗan, amma kullum tana tashi addu'ar asuba, tana wanke miyakun marasa galihu.

Shawarar Ignatiyus na Loyola, wani firist ɗin Katolika na ƙarni na 16, ta taimake ni ƙwarai: lokacin bushewa kada a sauya shawarar da aka yanke lokacin haske. Kada ki bar zumunta, kada ki ajiye Littafi, kada ki fita daga ƙungiyar mawaƙa don kawai ba ki jin abin da kika saba ji. Ki kuma duba abu biyu. Na farko, ko akwai laifin da kike ɓoyewa, don Dawuda ya ce da ya yi shiru bai hurta zunubinsa ba, ƙarfinsa ya ƙafe kamar a zafin bazara (Zabura 32). Na biyu, ki dubi jikinki. Wadda ta yi mako uku ba ta barci saboda zafin da ya haura digiri 40 ga rashin wuta, ga zazzaɓin cizon sauro, ga kuɗin makarantar yara, ba abin mamaki ba ne ta durƙusa ta ji ba komai.

A wasu coci-coci ana ihu, ana faɗuwa, ana kuka. A namu shiru ake yi. Ina Ruhu Mai Tsarki yake?

Ba a gane shi da yawan amo, ba a kuma gane shi da shiru. Dawuda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban akwatin alkawari, matarsa Mikal ta raina shi, Littafi kuwa bai goyi bayanta ba. Hannatu ta yi addu'a a Shilo leɓunanta kawai ke motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu, Allah kuwa ya ji ta. A kan Dutsen Karmel annabawan Ba'al 450 sun yi ta ihu tun safe, suna tsalle suna tsaga jikinsu, ba wanda ya amsa musu. Iliya ya yi gajeriyar addu'a wuta ta sauko.

Ni ina ƙaunar ranar da zumuntar mata ke jagorantar sujada. In suka ɗauki tulu da kacau-kacau suka fara, tsofaffi ma sai sun motsa kafaɗa, kuma ban taɓa shakkar cewa wannan yabo ne na gaske ba. Abin da nake tsoro shi ne wurin da ake ƙera motsin rai da gangan: a ƙure lasifika, a maimaita baiti ɗaya har mutane su fita hayyacinsu, mai wa'azi ya riƙa tura goshin mutane, sannan a miƙo kwanon baiko. Yarinyar da ba ta faɗi ba ta koma gida tana zaton ita ce ba ta da Ruhu. Wannan zalunci ne.

An yi wannan gardama a Amurka lokacin babbar farkawa ta ƙarni na 18. Fasto Jonathan Edwards, wanda shi kansa ya ga mutane suna kuka suna suma a ƙarƙashin wa'azi, ya rubuta a 1746 cewa addinin gaskiya ba ya rasa motsin zuciya, amma ƙarfin motsin ko girgizar jiki ba su tabbatar da kome ba, ko ta wannan gefe ko ta wancan. Babbar shaida a wurinsa ita ce halin mutum bayan an watse. Yesu ma ya yi maganar irin da ya faɗa kan dutse: mutum ya karɓi magana nan da nan da farin ciki, amma ba saiwa, tsanani na zuwa ya yi tuntuɓe (Markus 4:16-17). Bulus ya lissafta albarkar Ruhu a Galatiyawa 5, ya fara da ƙauna ya rufe da kamun kai. In kana son ka san abin da ya faru da mutum a daren addu'a, ka tambayi matarsa ranar Talata, ka tambayi wanda ke bin sa bashi a kasuwa.

Irmiya ya ce zuciya ta fi kome yaudara. Don me zan saurare ta?

Ka saurare ta kamar yadda alƙali ke sauraron mai ba da shaida, ba ita ce za ta yanke hukunci ba. In ka ji ƙyashi ya taso maka don an naɗa wani dattijon ikkilisiya an bar ka, wannan jin ya gaya maka gaskiya game da abin da kake so. Bai gaya maka gaskiya game da mutumin ba.

Inda aka fi cutuwa shi ne maganar "na ji a raina Allah ya ce." Saurayi ya je wurin budurwa ya ce Ubangiji ya nuna masa ita ce matarsa, ita kuma ta ji tsoron ƙin Allah. 'Yata, kina da 'yancin cewa ke bai gaya miki ba. Duk abin da mutum ya ji a ransa a auna shi da Maganar Allah, a kai shi gaban manya masu hankali, a kuma ba shi lokaci. Abin da yake daga Allah ba ya lalacewa don an jira wata uku.

Ina fushi ƙwarai saboda abubuwan da ake yi mana. Zunubi nake yi?

Na san inda wannan tambaya ta fito. A watan Mayu na 2022, bayan kisan ɗalibar nan Kirista a wata kwaleji a garin nan, da hargitsin da ya biyo baya har gwamnati ta sa dokar hana fita, matasanmu da yawa sun kasa barci. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, Bishop Matthew Hassan Kukah na cocin Katolika a Sakkwato ya nemi a hukunta masu laifi ya kuma roƙi jama'a su natsu, ni kaina maƙwabtana Musulmi sun bugo waya suna tambayar lafiyar iyalina. Duk wannan bai kashe wutar da ke ƙirjin yaran ba. Wani ya ce mini, "Malam, in ka ce in yi haƙuri yau, ba zan ƙara zuwa ajin nan ba." Ban ce masa haka ba.

Fushi a kan zubar da jini ba zunubi ba ne. Wanda ya ji irin wannan labari bai ji komai ba, shi ne ya kamata ya binciki kansa. Bulus ya ce in kun yi fushi kada ku yi zunubi, kada rana ta faɗi kuna riƙe da shi (Afisawa 4:26), ya kuma ce ramuwa ta Ubangiji ce (Romawa 12:19). A ranar mun karanta Zabura 137 tare, har ƙarshenta mai ban tsoro, inda wanda aka kai bauta Babila ya furta mafi munin abin da ke ransa game da maƙiyansa. Na ce musu su lura, mutumin nan bai ɗauki makami ba, a gaban Allah ya zube maganar. A Wahayin Yahaya 6 ma waɗanda aka kashe saboda shaidarsu suna kira suna tambaya har yaushe. Fushin da aka kai wa Allah yakan zama neman adalci ta hanyar shari'a, da kula da iyalan da aka bari, da yin magana a inda ya kamata. Wanda aka ajiye a ciki kuwa yakan ruɓe ya zama ƙiyayyar jama'a guda, har ka ga mai sayar maka da nama shekara goma ka ji ba ka son gaishe shi, alhali bai yi maka kome ba.

Akwai kuma wani fushin da ba mu cika son a taɓo ba. Mutum ya daki matarsa ya ce zuciya ce ta ɗebe shi. Wannan zuciyar ba ta taɓa ɗibarsa a gaban maigidansa a ofis ba, ba ta ɗibarsa a gaban soja a shingen hanya. Ashe yana iya riƙe ta. Allah ya ga fuskar Kayinu ta ɓaci tun kafin ya taɓa ɗan'uwansa, ya gargaɗe shi cewa zunubi na fako a bakin ƙofa, dole ya rinjaye shi. Ikkilisiyar da ke ce wa matar da ake duka ta yi haƙuri, ba ta kira mijin ta tsawata masa ba, ta ɓata kalmar haƙuri.

Na gafarta, amma in na ga mutumin sai in ji zafin ya dawo. Gafarar tawa ta ƙarya ce?

A'a. Gafara shawara ce ka yanke cewa ba za ka rama ba, ba za ka yi masa fatan sharri ba, ka bar shari'ar a hannun Allah. Zafi kuwa miki ne, yana warkewa a hankali. Duk ranar da ya motsa ka sake miƙa shi. Gafara kuma ba ta tilasta maka ka sake ba shi ajiyar kuɗinka.

Ina jin tsoro duk lokacin da zan yi tafiya. Rashin bangaskiya ne?

Wanda zai bi hanyar Isa ko Sabon Birni, ko ya nufi Gusau, a shekarun nan na 'yan bindiga, in gabansa ya faɗi ba laifinsa ba ne. Ka duba cikin motar: mai jan carbi na ja, mai addu'a cikin sunan Yesu na yi, tsoron kuwa ɗaya ne. Dawuda bai ce ba ya jin tsoro ba, cewa ya yi ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah (Zabura 56:3). Bulus ya shaida cewa da suka isa Makidoniya akwai faɗa a waje, akwai tsoro a ciki. Shi ɗin ne kuma aka zurara cikin kwando ta katangar Dimashƙu da dare don ya tsira. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Saboda haka ka tambayi direbobi a tasha halin da hanya ke ciki, kada ka yi tafiyar dare, ka yi addu'a, ka shiga mota.

Tsoro yana zama matsala ne in ya fara yi maka mulki: ya sa ka yi ƙarya, ya sa ka nemi laya ka ɗaura a ƙugu, ya hana ka taimakon wanda ke cikin hatsari.

Wata uku ke nan ba na jin daɗin komai, ba na barci, wani lokaci ina jin gara in mutu. An ce aljani ne ko rashin addu'a.

Ɗan'uwa, ka gaya wa wani yau ɗin nan, fasto ko matarka ko amininka, kada ka kwana da wannan kai kaɗai. Abin da ka bayyana ya yi kama da ciwon damuwa, ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon suga, kuma ana maganinsa. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware, ba nisa da gari, akwai kuma likitocin wannan fanni a asibitin koyarwa. Na san sunan da mutane ke kiran wurin da shi, na san kunyar da ke hana iyalai zuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na raka mutane can, na ga sun koma bakin aikinsu.

Ka karanta 1 Sarakuna 19. Iliya, bayan babbar nasararsa, ya gudu jeji ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya sake barci, aka sake ciyar da shi. Sai da jiki ya dawo aka yi magana, daga baya kuma aka ba shi Elisha ya zama abokin aiki. Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa a Asiya an matsa musu har suka fid da rai. Charles Spurgeon, mashahurin mai wa'azin Landan a ƙarni na 19, ya sha faɗa a fili cewa yana fama da irin wannan duhu. Za mu yi maka addu'a da zuciya ɗaya, mu kuma raka ka wurin likita. In an ba ka magani, kada wani ya sa ka zubar da shi da sunan bangaskiya.

Yaya za a ce mu yi farin ciki kullum, alhali ga halin da ake ciki?

Bulus, wanda ya rubuta wannan a Filibiyawa 4:4, a ɗaure yake lokacin. A cikin wasiƙar nan kuma ya ce da abokin aikinsa ya mutu a ciwon da ya yi, da baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki, ya kuma ce yana rubuta wani sashe da hawaye. Farin cikin da yake nufi a cikin Ubangiji yake, wato murnar cewa an gafarta maka, an san sunanka, mutuwa ba ita ce ƙarshe ba. Ba umarni ba ne a riƙa yaƙe haƙora. Shi ya kwatanta kansa da mai baƙin ciki amma kullum yana murna (2 Korantiyawa 6:10).

Me zan faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa? Kullum nakan rasa abin cewa.

Rashin abin cewar ba aibi ba ne. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 ba wanda ya ce masa kome, wannan ne mafi kyaun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suka fara bayyana dalilin wahalarsa, a nan suka ɓata. Romawa 12:15 ta ce a yi kuka tare da masu kuka, ba ta ce a yi musu bayani ba.

Ka guji cewa "Allah ya fi mu son sa" ga uwar da ta binne jariri. Ka guji "kada ki yi kuka, ke fa shugabar zumunta ce." In ta ce tana fushi da Allah, kada ka yi saurin toshe mata baki, Marta da Maryamu ma sun ce wa Yesu da yana nan da ɗan'uwansu bai mutu ba, shi kuwa bai kwaɓe su ba. Ka ce, "Mama, sannu. Muna tare da ke." Ka kawo abinci, ka sa a kawo ruwa daga 'yan garuwa, ka ɗebi yara ka kai su makaranta.

Makon farko gida cike yake da mutane. Wahalar tana farawa ne in an naɗe tabarmi, an mayar da kujerun coci, 'yan'uwa sun koma Zuru ko Kafanchan, ta rage ita da ɗakin. Ka rubuta ranar a takarda. In wata biyu ya cika ka koma, in Kirsimeti ta zo ka koma. Ka ambaci sunan mamacin, don kowa ya daina ambatarsa saboda tsoron tayar mata da hankali, ita kuwa tana marmarin ji. In ta fara kuka kada ka tashi, kada ka duba agogo, ka jawo kujera kusa.